Raddi Ga Masu Cewa "Ya Shiga Ya Gyara": Haƙƙin Ɗan Haya Kafin A Miƙa Masa Makulli

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu gidajen haya da dillalansu a Yola da Jimeta, har ta kai yanzu ana jin ta kamar doka. Maganar ita ce wai gidan haya ba a gyara shi kafin a bayar, wanda zai zauna a ciki shi zai gyara wa kansa. Idan mai gida ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya sa a share tsakar gida, a shafa wa bango fenti, shi ke nan ya sauke nauyi. Yoyon kwano, da masai da ya cika, da wayar wuta da ta tsufa, da ƙyauren da ba ya rufuwa, duk sai a haɗa su a jimla ɗaya a ce da mai neman gida: "Ka shiga ka gyara, ma yi magana daga baya." Ina ganin wannan fahimta kuskure ce, kuma na san mafi yawan masu riƙe da ita mutanen kirki ne waɗanda ba su yi nufin zaluntar kowa ba. Sun tarar ana yi ne, suka bi. Saboda haka ya kamata a fara sauraren hujjarsu kafin a ba su amsa.

Suna cewa kayan gini sun yi tsada, kuma gaskiya suka faɗa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, ga kwano da katako da fenti kowanne ya bi sahu. Suna cewa kuɗin hayar shekara ɗaya ba ya isa gyaran ɓarnar da ɗan haya ɗaya ya bari. Suna cewa sun sha gyara gida tsaf, bayan shekara biyu su karɓe shi da bango baƙi ƙirin saboda hayaƙin gawayi, famfo a karye, ragar taga a yage. Suna cewa ai ba a ɗaure kowa ba, mutum ya zo da idonsa ya ga gida, ya yarda, ya biya. Daga ƙarshe kuma su ce masu nema sun fi gidajen yawa, idan wannan bai karɓa a haka ba, gobe wani zai karɓa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yola fadar jihar Adamawa ce, ga ma'aikata, ga ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga kuma dubban iyalan da suka baro Madagali da Michika da Mubi a 2014 lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, waɗanda da yawansu suka zauna ba su koma ba. Unguwanni irin su Yolde Pate da Shagari da Sabon Pegi sun bunƙasa ne a kan wannan buƙata.

To, duk da haka, a tsaya a tambayi abin da mai gida yake sayarwa idan ya ba da haya. Ginin dai nasa ne, yana nan a hannunsa, ba ya fita daga mallakarsa. Abin da yake karɓar kuɗi a kansa shi ne amfanin ginin, wato mutum ya sami inda zai kwana ruwa bai zuba masa ba, inda iyalinsa za su suturta, su yi girki, su kewaya, su kulle ƙofa su yi barci. Ɗakin da yake yoyo bai cika wannan amfani ba, haka ma gidan da bayinsa ya toshe. Wanda ya karɓi cikakken kuɗin shekara a kan irin wannan gida ya karɓi farashin abin da bai miƙa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A garinmu kuwa ladan nan ana biyan sa ne tun kafin a shiga, shekara guda cur, wani lokaci da la'adar dillali a kai.

Wasu masu ilimi daga cikin masu wannan ra'ayi sukan kawo hujja daga fiƙihu, su ce ai a mazhabar Imamu Malik ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Wannan magana tana da asali, kuma bai dace a ɓoye ta ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da malamanmu suke karantarwa a zaure tun zamanin su Modibbo Adama, an bayyana cewa alƙali ba ya matsa wa mai ba da haya ya gyara abin da ya lalace. Sai dai masu kawo wannan hujja sukan tsaya a rabin hanya. Malaman sun ci gaba da cewa idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar rufin da ruwa ke zuba ta cikinsa, ɗan haya yana da zaɓi, ko ya zauna ko ya tashi, idan kuwa ya tashi, kuɗin ragowar watannin ya faɗi daga kansa. Mai gida nawa ne a yau yake shirye ya mayar da kuɗin wata takwas saboda kwano yana yoyo? Wanda bai shirya wannan ba, ba shi da damar fakewa da rabin hukuncin. Sannan littafin nan ya yi magana a kan ainihin abin da muke tattaunawa. Ya halatta a sharɗanta wa ɗan haya ya yi gyara ko yaɓe, amma daga cikin kuɗin hayar da ya hau kansa. Idan aka ce ya yi daga aljihunsa, ƙari a kan haya, malaman sun hana, domin ba a san iyakar abin da zai kashe ba, kuɗin haya ya zama abin da ba a san adadinsa ba ke nan. Wato "ka shiga ka gyara, ma yi magana daga baya" ita ce surar da aka yi gargaɗi a kanta ƙarara.

Sai hujjar nan ta cewa ai ya gani da idonsa. Me ya gani, kuma a wane wata? Mutumin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yola, ya zo duba gida a watan Janairu, hunturu ya busar da komai, ƙasa ƙeƙasasshiya, bango fes. Ba shi da hanyar sanin cewa a watan Agusta ruwan layin gaba ɗaya ta ƙofar gidan nan yake bi, ko cewa kusurwar ɗakin yara tana zuba, ko cewa rijiyar tana canja launi da damina. Wanda ya duba da safe bai san yadda ɗakin yake zama da rana tsaka a watan Afrilu ba, lokacin da zafin Yola yake haura digiri 40, silin ya ruɓe an cire ba a mayar ba, kwano tsirara a saman kan mutum. Mai gida ya san duk wannan, dillali ma galibi ya sani. Ganin minti ashirin ba ya daidai da sanin shekara goma. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya yi masa faɗa a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Mai sayen abincin nan ma da idonsa ya zo. Zuwansa da ido bai wanke mai ɓoye danshi ba.

A Yolde Pate maganar danshi ta wuce misali. Da asubahin ranar Lahadi 27 ga Yulin 2025, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta shiga Yolde Pate da Shagari da Sabon Pegi da Modire da wasu unguwannin Yola ta Kudu, ta ci rayuka sama da 20, ta rusa gidaje, ta raba ɗimbin jama'a da muhallinsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kafin wannan ma garin ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da Binuwai ya cika ya batse bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Gidajen da ruwa ya kwana a cikinsu suna nan, da yawa an sake sa su a kasuwar haya. Tambayar ita ce, wane irin gyara aka yi musu kafin a sake miƙa makulli?

Duk wanda ya shiga irin waɗannan ɗakuna bayan ruwa ya janye ya san alamar. Wani layi ne ruwan ƙasa-ƙasa da ya kewaye bango a miƙe, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji. Ƙasa da layin fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga filasta. Maginin da ya san aikinsa ba ya fara tambayar launin fenti. Yakan juya cokalin gininsa ya riƙa ƙwanƙwasa bango da ƙotar, yana saurare. Inda ya ji sauti a cike sai ya wuce, inda ya ji ƙwal-ƙwal kamar babu komai a ciki sai ya yi alama da gawayi, domin filastar wurin ta rabu da bulo, jira kawai take ta faɗo. Zai duba tsagar da ta tashi daga tushe ta nufi kusurwar taga, ya faɗa maka ko ta filasta ce ko kuwa ƙasa ce ta zauna a ƙarƙashin ginin. Bangon da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe har ciki. Wanda ya yi gaggawar shafa fenti a kansa bai gyara komai ba, ya rufe shaida ne kawai, kuma fentin ma ba zai kai damina ta gaba ba. Mai neman gida zai shigo ya ga bango yana ƙyalli, ya biya, bai san cewa katifarsa za ta kwanta a inda ruwa ya kai ƙirjin mutum ba. Da an faɗa masa, wataƙila zai karɓi gidan duk da haka, amma zai san inda zai ajiye takardunsa, ya san daren da bai kamata ya yi barci mai nauyi ba, ya san ta inda zai fitar da yara. Hana shi wannan sani ya fi hana shi fenti muni nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi bango haɗari yana ƙarƙashin ƙasa. Ambaliya tana cika ramin masai da sokawe da yashi da laka, ta kwashe ƙazantar da ke ciki ta watsa tsakar gida, ta zuba cikin rijiya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin bayi da wurin ɗiban ruwan sha. Filotinmu na ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya da kaɗan ya haura mita 30 ɗin, ga kuma ramin maƙwabci a bayan katanga. Wannan yana nufin rijiyar gida a irin unguwanninmu tana bakin haɗari ko da babu ambaliya, balle an yi. Kwalara da taifot ta wannan hanya suke shiga gida, kuma Adamawa ta sha ganin ɓarkewar amai da gudawa da damina. Yashe rijiya, da zuba mata sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da ɗaga bakinta a yi mata murfi, da kwashe masai, aiki ne da ya kamata a gama tun gida yana wofi. Ba a yin sa da jariri a ɗaki da tukunya a kan murhu. Haka wayar wuta. A kwance soket ɗin da ruwa ya rufe a gani, sau da yawa laka ce busasshiya a ciki da tsatsa a kan ƙarfen. Za ta iya kawo wuta yau da gobe, ranar da aka jona dutsen guga ko abin dafa ruwa ta yi tartsatsi. Ɗan haya ba shi da dalilin zargin soket, mai gida ne ya san iya inda ruwa ya kai.

Mu koma kan kukan cewa 'yan haya maɓarnata ne. Akwai su, ba a musu. Akwai mai fasa bango ya sa na'urar sanyaya ɗaki ya tafi ya bar rami, akwai mai zuba dussa da tsumma a masai, akwai mai tashi cikin dare da bashin wata shida. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarnar wanda ya fita ba laifin wanda zai shigo ba ce, kuma ɗora masa ita hukunta marar laifi ne. Bayan haka, mai gidan da ya miƙa gida a lalace ya zubar da hujjarsa da hannunsa. Ranar fita, da me zai nuna cewa wannan famfon lafiya lau yake lokacin da aka shiga? Wanda ya gyara, ya zagaya da ɗan haya ɗaki-ɗaki a gaban shaida, aka rubuta yawan makullai da fankoki da halin kowace taga, aka ɗauki hoto da waya, kowa ya sa hannu, shi ne yake da bakin magana a gaban jauro, wato mai unguwa, ko a kotu. Na kuma lura mutum yana riƙe gida ne yadda ya karɓe shi. Matar da ta shigo ta tarar da madafa a share, magudana tana tafiya, bayi ba wari, takan ji kunyar barin su su lalace. Wadda ta tarar da juji a bayan ɗaki ba ta ganin laifin ƙara shara a kai.

Ita kuwa yarjejeniyar "za a cire a kuɗin haya" da baki kawai, ta raba mutanen da suka yi shekaru suna gaisawa. Yadda take kasancewa sananne ne. Ɗan haya ya sa an canja fallayen kwano, an gyara ƙyaure, an ja sabuwar waya. Shekara ta zagayo, ya zo da lissafinsa a takarda.

"Alhaji, ga abin da na kashe, kamar yadda muka yi."

"Haba Malam, ni kwano na ce ka gyara. Wa ya sa ka taɓa waya? Kuma wannan kuɗin kafintan ai ya yi yawa, da ka faɗa mini da na turo nawa."

Kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya, kuma mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya fahimta ya riƙe. Mafi ciwo shi ne idan gidan ya yi kyau da kuɗin ɗan haya, sai a ƙara masa haya saboda gidan ya yi kyau, ko a ba shi wa'adin tashi domin wani ya taya da tsada. Bangon da ya yaɓe ba ya ciruwa ya tafi da shi.

Game da cewa ko ba a gyara ba wani zai karɓa, wannan bayanin halin kasuwa ne, bai zama hujjar halacci ba. Mutumin da aka ba wa'adin kwana bakwai ya tashi daga inda yake, ko wanda ruwa ya rushe masa ɗaki yana kwana a ajin makaranta da iyalinsa, zai karɓi duk abin da aka miƙa masa. Yardarsa ta matsi ce. Cin ribar matsin ɗan'uwa ba ya cikin abin da muka gada a ciniki, kuma ban yi tsammanin akwai mai gidan da zai so a yi wa 'yarsa haka ranar da aka kai ta gidan haya a wani gari ba.

Ko ta fuskar aljihun mai gida aka duba, lissafin bai fita ba. Ƙusa ɗaya da ta saki a kwano, ruwa zai bi ta ya jiƙa katako, katako ya ruɓe, gara ta samu hanya, silin ya faɗo. Aikin da kafinta zai gama da hantsi ya koma sauke rufi. Ɗan haya kuwa ba zai hau sama ya duba katakon da ba nasa ba, bokiti zai tara. Kwanakin da gida yake wofi su ne kaɗai lokacin da mai shi zai ga dukiyarsa da idonsa ba tare da neman izini ba, ya leƙa cikin silin ya kori jemagu, ya sa a yi feshin kuɗin cizo da kyankyaso ba tare da an fitar da kayan kowa ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Na farko bashin wuta. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha bayyana cewa bashin wuta na wanda ya sha ne, ba a ɗora wa sabon mai shiga. Amma a aikace, idan ba a je ofishin kamfanin rarraba wuta na YEDC an daidaita lissafin mita kafin ya shiga ba, shi zai wayi gari an yanke masa waya, ko ana zaftare masa kati a kan bashin da bai san da shi ba. Na biyu makulli. Gidan da mutum uku suka zauna a jere da kuba ɗaya, babu wanda ya san kwafi nawa ke yawo a gari. Canja kwaɗo da kubar ƙofar waje kuɗinsa kaɗan ne, kuma magidancin da zai fita aiki ya bar iyali a gida ya cancanci wannan kwanciyar hankali.

Na san akwai masu gidan da da gaske ba su da halin gyara: tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya isa, gwauruwar da ɗakuna uku na gado su ne abincin marayunta. Ba a ce su bar gida a kulle ba. Hanyarsu a buɗe take, kuma ita ce wadda malamai suka nuna. A faɗi aibin gidan duka, har da iya inda ruwa ya kai. A kira magini da kafinta su yi ƙiyasi a gaban kowa. A rubuta aikin da za a yi da kuɗinsa, a rubuta cewa daga hayar wannan shekara za a cire, a sa hannu da shaidu. Abin da ya rage na son rai, kamar launin fentin da uwargida take so, ko ƙwan fitila, ko labule, wannan na ɗan haya ne, babu mai jayayya.

Dillalai su ne suka fi kowa sanin gidajen nan, kuma la'adar da suke karɓa amana ce ta ɓangare biyu. Dillalin da ya san layi yana cin ruwa ya yi shiru, ya shiga cikin alhakin abin da ya biyo baya. Jaurori da limaman unguwa su ma suna da abin yi, tunda gabansu rigimar take ƙarewa: su riƙa neman takarda tun ranar shiga, kada su jira ranar faɗa. Ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumar Yola ta Kudu kuma, duba rijiya da masai a gidajen da ambaliya ta shafa aikinsu ne tun asali.

Ya kai mai gida a Yolde Pate da kewaye, kafin ka karɓi kuɗin kowa a bana, ka ɗauki magini da mai gyaran wuta ku zagaya gidan nan tun daga rufi har ramin bayi. Abin da za ka iya gyarawa ka gyara, wanda ya fi ƙarfinka ka faɗe shi da bakinka, a rubuta, sannan ka miƙa makulli.